Gurjiya, Gujiya da Kwaruru

Ya ku manoma da dagatai, ku lura da wannan kalma, gama tana ruɗa mutane. A bakin Kanawa, gurjiya ita ce ƙwayar nan mai tauri, kewayayya, wadda galibi ɗaya tak ake samu cikin ɓawo. Amma a Sakkwato kadan an ce gujiya, gyaɗa ake nufi. Waccan ƙwaya kuwa kwaruru suke kiranta. To, wanda ya aika sayen iri bai bambance ba, ya yiwu a kawo masa abin da bai nema ba, ga damina ta kama.

Ba kuwa abu ɗaya ba ne. Gyaɗa baƙuwa ce, asalinta Amurka ta Kudu. Darajarta ta hau bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, saboda man da ke cikinta. Kwaruru ɗan ƙasa ne. Mansa kaɗan ne, amma yana jimre fari, yana kuwa yi a jigawar da ta gaji. Sai dai a tara masa ƙasa a gindi sa'ad da ya yi fure, kada kuma a shuka shi inda ruwa ke kwanciya.

Dagacin da zai rubuta takardar neman iri ya sa sunayen duka biyu, ko ya ƙulla 'yan ƙwayoyi ya haɗa.