GASAR TSOFAFFIN MOTOCI A AMURKA: KAURIN SANDA BA SHI NE NASARA BA

A ƙasar Amurka akwai wata gasar motoci da ake kira otokuros, wadda ba a kan babbar hanya ake yin ta ba. Fili ake samu, kamar tsohon filin jirgin sama, a jera mazuraran roba su zama hanya mai yawan kwana, sa'an nan motoci su riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya ana duba agogo. Duk wanda ya ture mazurari guda, sai a ƙara masa daƙiƙa 2. Ƙungiyar SCCA ta fara shirya gasar ta ƙasa baki ɗaya a 1973, kuma tun 2009 a birnin Lincoln na Jihar Nebraska ake yin ta.

Masu shiga da tsofaffin motoci, irin su Ford Mustang ta 1965, suna fama da matsala guda. Nauyin injin yana gaba, saboda haka in an sha kwana da gudu sai motar ta kishingiɗa, tayoyin gaba su ƙi bin sitiyari, ta nufi waje. Don maganin wannan ne da yawa suke sa wa baya sandar hana tangaɗi, watau abin da makanikai ke kira sitabilaiza.

Ita wannan sanda ƙarfe ce mai lanƙwasa a gefe biyu, wadda ta haɗa tayar dama da ta hagu. In mota ta karkata sai sandar ta murɗe, ta yi gardama, ta rage karkatar. Amma fa ɓangaren da aka ƙara wa tauri shi ne yake fara sakin ƙasa. In an taurara baya, gaba zai ƙara jin sitiyari; in kuwa aka zarce ƙima, sai bayan motar ya wulwulo, direba ya tsinci kansa yana fuskantar inda ya fito.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne kauri. Taurin sanda ba daidai da kaurinta yake ƙaruwa ba, ninkawa yake yi. Wanda ya cire mai milimita 19 ya sa mai milimita 22 yana ganin ɗan ƙari ya yi, alhali kuwa taurin ya ƙaru da kusan kashi 80 cikin 100.

Bugu da ƙari, kowace mota da halinta. Wadda tayoyin gaba ke ja, kamar Volkswagen Golf ta farko, tana son sanda mai tauri a baya. Wadda tayoyin baya ke turawa kuwa, sanda mai tauri takan sauke nauyi daga tayar da ke cikin kwana, ta yi ta juyawa a banza. Ko Shelby GT350 ta 1965, wadda aka ƙera don tsere, sandar gaba aka ƙara mata zuwa inci 1, ba a sa mata ta baya ba. Motocin da injinsu ke baya, irin su Chevrolet Corvair ta 1960, da ma can bayansu ne ke saurin zamewa, ƙara musu tauri a nan neman fitina ne. Hausawa sun ce kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

Saboda haka masana sukan ba da shawara a fara gyara tayoyi da sifirin da sandar gaba tukuna. Bayan haka a nemi ƙaramar sandar baya mai ramuka da dama, a soma daga ramin da ya fi sassauci, a gwada, a ƙara kaɗan-kaɗan. A kuma duba inda za a ɗaure ta, domin jikin motar da ta shekara 60 yana iya kasancewa tsatsa ta ci shi, ƙarfen ya yage a tsakiyar kwana. Daga ƙarshe a karanta dokokin rukunin da za a shiga, gama akwai rukunin da sanda ɗaya tak aka yarda a canza, ko ta gaba ko ta baya.