Daga Jirgin Yaƙi Zuwa Jirgin Fasinja

Idan lokacin aikin Hajji ya kewayo, yaran Mabera sukan ji rugugin manyan jiragen sama bisa garin Sakkwato. Sai ka ga sun bar wasa, sun ɗaga kai suna kallo, har jirgin ya zama kamar ɗan tsuntsu, ya ɓace. Jiragen nan daga filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku suke tashi, cike da maniyyata, su nufi Ƙasa Mai Tsarki. A can gaban kowane jirgi akwai wani ɗan ɗaki, inda mutum biyu suke zaune, kyaftin da mataimakinsa. Bayan kiyayewar Allah, rayukan dukan mutanen nan a hannunsu suke.

Cikin matuƙan jiragen fasinja na duniya akwai da yawa waɗanda a soja suka koyi tuƙi. Wannan ba abin mamaki ba ne, gama jiragen da suka fara sauka a ƙasar nan ma na soja ne. Cikin watan Nuwamba na 1925, jirage 3 na mayaƙan sama na Ingila suka taso daga Masar, suka sauka a Kano, a filin sukuwa. A 1964 aka kafa rundunar mayaƙan sama ta Nijeriya, Jamusawa suka taimaka wajen horar da samarin farko. Cikin shekarar nan kuma aka kafa makarantar koyon aikin jirgin sama ta farar hula a Zariya. Hanyoyi biyu ke nan na koyon tuƙi, ta soja da ta farar hula.

Saurayin da ya bi ta soja yakan sha wuya kafin a ba shi alamar fuka-fuki ya maƙala a ƙirji. Likita zai duba idanunsa, da kunnuwansa, da zuciyarsa. Sa'an nan ya fara da ƙaramin jirgi a Kaduna, malami na tare da shi, har ranar da za a ce ya tashi shi kaɗai. Waɗansu a kai su ga jiragen yaƙi masu tsananin gudu, waɗansu kuwa ga manyan jiragen ɗaukar sojoji da kaya. Bayan ya yi wa ƙasarsa aiki shekaru, ya sami izinin barin soja, sai ya nemi aiki a kamfanin jiragen fasinja.

To, a nan ne ake yin ta. Kome girman muƙaminsa a soja, ba za a miƙa masa jirgin fasinja ran nan ba. Dole ya sami lasin na farar hula daga hukumar da ke kula da sufurin jiragen sama. Zai kawo littafinsa, wanda aka rubuta kowace sa'a da ya yi a sama, a ƙidaya. Babban lasin da ake bukata kafin mutum ya zama kyaftin na babban jirgi, ba a ba da shi sai ga wanda ya yi sa'a 1,500 yana tuƙi. Zai kuma zauna jarrabawa kan dokokin sama, da sanin iska da gajimare. Daga nan a sa shi cikin wani akwati wanda aka ƙera cikinsa daidai da ɗakin matuƙi. Akwatin yana ƙasa, amma yana motsi kamar jirgi. A ciki malamai sukan kashe masa inji, ko su turo masa hadari, su ga abin da zai yi. Ya ci duk wannan, sau da yawa kujerar dama zai zauna, ta mataimaki, ko da kyaftin ɗin ƙanensa ne a shekaru.

Abin da ya fi jarrabawa wuya shi ne sake hali. Matuƙin jirgin yaƙi ya saba da juyi na farat ɗaya, ya yi sama kamar kibiya, ya sulmiyo kamar shaho ya ga ɗan tsako. In ya yi haka da tsofaffi masu zuwa Makka, ai sai salati ya cika jirgi! Jirgin fasinja lallaɓa shi ake yi, yadda ko shayi ba zai zube daga kofi ba. Ya saba kuma da yanke shawara shi kaɗai, yanzu kuwa sai ya saurari abokin aikinsa, ɗaya na karanta takardar abubuwan dubawa, ɗaya na amsawa. Akwai wani bambanci kuma. A jirgin yaƙi, in abu ya ɓaci, matuƙi yakan ja wani mariƙi, kujerarsa ta cilla shi waje, ya sauko da lema. Jirgin fasinja ba shi da irin wannan kujera. Inda fasinja za su, nan matuƙi za shi.

Wani Ba'amurke mai suna Chesley Sullenberger ya bi wannan hanya. Ya tuƙa jirgin yaƙi, ya bar soja a 1980, ya koma jiragen fasinja. Ran 15 ga Janairu 2009 ya tashi daga birnin New York da mutum 155 cikin jirgi, har da shi. Ba su yi nisa ba sai suka ci karo da garken dinya, tsuntsayen suka shige injuna, duka biyun suka mutu. Ga birni a ƙasa cike da dogayen gidaje, ga jirgi yana ta yin ƙasa. Kyaftin ya karɓi tuƙi daga hannun mataimakinsa, shi kuwa mataimakin ya buɗe littafi yana ƙoƙarin ta da injuna. Da Sullenberger ya ga ba za su kai wani filin jirgi ba, sai ya nufi kogin Hudson, ya kwantar da jirgin bisa ruwa. Daga karon tsuntsayen zuwa saukar, bai kai minti 4 ba.

Lokacin sanyi ne, ruwan kamar ƙanƙara. Fasinja suka fito, waɗansu suka tsaya bisa fuka-fukan jirgin, jiragen ruwa suka zo suka kwashe su. Kyaftin bai fita ba sai da ya bi cikin jirgin sau biyu, ruwa na shigowa, yana duba kujeru ko an bar wani a baya. Da aka ƙidaya mutane, aka tarar 155 ne cif, ba wanda ya rasu.