Sabuwar Waya Ko Ƙarin Jari? Lissafin 'Yan Kasuwar Nima Da Mamobi

A 'yan shekarun nan babu wani kayan aiki da ɗan kasuwar Zango ya dogara da shi kamar wayar salula. A Nima da Mamobi, manyan unguwannin Hausawa da sauran Musulmi da ke birnin Akra na ƙasar Gana, wanda iyayenmu fatake ke kira Ankara, da waya ake jin farashin albasa a Galmi tun kafin a yi lodi, da ita ake bin sawun direba daga iyakar Paga har ya sauke kaya, da ita ake tura kuɗi, kuma a cikinta ne bashin da muke bin mutane yake kwance. Saboda haka duk lokacin da kamfanoni suka fito da sabon samfuri, yara suka fara cewa "Alhaji, wannan wayar taka ai ta tsufa", tambayar da ke gabanmu ita ce ko sauyin zai ƙara wa sana'a wani abu, ko kuwa jari ne za a yanka a sa a aljihu.

Mu da muka ga farkon abin mun san cewa ba haka aka faro ba. Tun shekarar 1992 kamfanin Mobitel ya kawo wayar tafi-da-gidanka Gana, Nijeriya kuma sai a 2001 ta samu GSM. A wancan zamani mutum kan riƙe Nokia guda shekara biyar ko fiye, ta faɗi ƙasa ta tarwatse, ya tsince ta ya harhaɗa ya ci gaba da magana. Babu mai tunanin sauya ta sai in an sace. Abin da ya canza lissafi shi ne shigar kuɗi cikin waya, musamman daga 2009 da MTN ta soma MoMo a Gana, sannan WhatsApp ya zo ya zama rumfa ta biyu ga mai atamfa, mai turare, mai goro da mai hatsi.

Bari mu fara da kuɗin. Wayoyin nan daga waje ake shigo da su, da dala ake sayo su, don haka farashinsu a Tip Toe Lane da ke Circle, babbar kasuwar waya ta Akra, yana bin dala sau da ƙafa, kamar yadda yake yi a Farm Centre ta Kano. Ba mu manta da 2022 ba, lokacin da dala ta tashi daga wajen sidi 6 a farkon shekara ta haura sidi 14 a watan Nuwamba, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 54 cikin ɗari a Disamba. A 2025 kuwa sidi ya farfaɗo har dala ta sauko kusa da sidi 10 a tsakiyar shekara. Wanda ya yi gaggawar saye a tsakiyar tashin dala ya biya kuɗin da maƙwabcinsa mai haƙuri bai biya ba.

Amma ko farashin da ke kan kwali ba shi ne ainihin kuɗin waya ga ɗan kasuwa ba. Mu ƙaddara wayar da ake so sidi 3,000 ce, wato miliyan 30 a bakin dattawan da har yanzu ke ƙirge da tsohon kuɗin da aka canza a 2007. In wannan kuɗi yana cikin kaya, ana juya shi sau biyu a wata, kowane juyi yana kawo ribar kashi 5 cikin ɗari, to sidi 300 ke nan a wata, 3,600 a shekara. Ashe wanda ya cire shi daga jari ya rasa 3,000 ɗin, ya kuma rasa abin da za su haifa. Ma'aikacin ofis mai jiran albashi ba ya wannan lissafi, amma mu dole ne mu yi. Sabuwar wayar sai ta nuna mana ta inda za ta maido da wannan asara kafin ta cancanci a saye ta.

Galibin ƙorafin da ake yi kan tsohuwar waya kuwa, in aka bincika, aikin mai gyara ne. Batir shi ne na farko. Batirin waya yana raguwa da yawan caji, kuma ko kamfanin Apple ya daɗe yana cewa bayan cikakken caji wajen sau 500 abin da ake sa ran ya rage shi ne kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa. Zafi kuma yana hanzarta lalacewarsa, ga shi wayoyinmu a rana suke yini, kan tebur ko gaban mota. Sauya batir a wurin da aka amince da shi, kamar cibiyoyin Carlcare masu kula da Tecno, Infinix da itel, bai kai ko kusa da kuɗin sabuwar waya ba. Haka fasasshen gilashi da bakin caji da ƙura ta toshe. Wayar da ke nauyi ma sau da yawa cika ta yi: bidiyon wa'azi, na biki, na barkwanci, da hotunan barka da Juma'a da ake turowa daga rukuni goma sha. A hana WhatsApp sauke kowane abu da kansa, a share na sharewa, sai ka ga waya ta numfasa.

To yaushe ne sauyin ya zama dole? A ganinmu babban dalili shi ne in manhajojin da ake sana'a da su sun daina karɓar wayar. WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ke ƙasa da Android 5 tun Oktoban 2023, a 2025 kuma ya bar iPhone 5s da 6 da 6 Plus. Manhajojin bankuna su ma suna ɗaga nasu sharaɗin lokaci zuwa lokaci. Akwai kuma abin da ido ba ya gani: kowace waya tana da iyakar shekarun da kamfaninta ke aiko mata da gyaran tsaro, bayan nan sai a bar ta da ƙofofin da ɓarayin intanet suka riga suka sani. Wayar da ake sauraron karatu da ita kawai ba ta da damuwa da wannan. Wadda manhajar banki ke ciki, ake motsa kuɗin tirelar albasa da ita, maganarta daban ce. Shi ya sa in za a saya, tambayar shekara nawa za a ci gaba da sabunta ta ta fi tambayar ido nawa kyamararta ke da shi. Samsung ya yi alƙawarin shekara 7 ga Galaxy S24 a 2024, ya kuma ba da 6 ga A16 mai sauƙin kuɗi. Tarayyar Turai ma daga Yunin 2025 ta wajabta wa masu sayar da waya a ƙasashenta aƙalla shekara 5 na sabuntawa bayan an daina sayar da samfurin. Wannan doka ba ta hau kan wayoyin da ake kawo mana ba, don haka mai saye ne zai tambaya da bakinsa.

Dalili na biyu ya shafi masu sayar da kaya da hoto. Hajiyar da ke tallan leshi da shadda ga matan Kumasi da Tamale ta WhatsApp, in kyamararta na mayar da ruwan goro ya koma ja, kaya za su riƙa dawo mata, ga kuɗin mota ga ɓacin rai. Ita kam kyamara mai kyau kayan aiki ce. Mai buhunan gero da wake ba ya buƙatar wannan.

Batun 5G kuwa, da ake yawan zuga mutane da shi, kada ya ruɗe mu. MTN ta soma shi a Nijeriya a 2022, a manyan birane. A Gana an yi bikin ƙaddamarwa a Nuwamban 2024, amma aka shafe watanni masu yawa bayan bikin bai iso hannun jama'a ba. Mai bin hanyar Paga, ko Aflawo, ko Illela da Ƙonni, ya san akwai wuraren da samun sandar sabis guda ma sai an ɗaga waya sama. Abin da ke yi masa amfani shi ne batir mai jure kwana biyu a hanya da gurbin layi biyu.

Wannan gurbin layi biyu shi ne sirrin da kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel, ya gano da wuri har ya kama wajen rabin kasuwar manyan wayoyi a Afirka. Ɗan kasuwar iyaka yana yawo da layin Gana, na Nijar ko Togo, wani lokaci da na Nijeriya. Gaskiya ne an samu sauƙi, domin a ƙarƙashin tsarin ECOWAS Gana ta soma yarjejeniyar rage kuɗin kira a ƙetare da Kwaddibuwa a 2023, sannan da Togo da Benin a 2024, amma har yanzu abokin ciniki a Maraɗi ya fi son ya kira lambar gida. A nan ne wasu ke faɗawa rami wajen sayen iPhone ta hannu da aka kawo daga waje. Tun daga iPhone 14 ta 2022, waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka ba su da gurbin sa kati ko ɗaya, sai layin eSIM da kamfanin sadarwa ke ɗora wa waya. Mutumin da ya saba sayen layi a bakin iyaka ya zura ya wuce, wannan waya za ta wahalar da shi, komai kyanta a ranar hawan Sallah a Nima.

Tunda mun taɓo wayar hannu, kowa a Akra ya ji labarin wanda ya sayi waya a tsaye a bakin titin Circle, ya isa gida ya tarar da guntun tayil a kwali. A saya a shago mai ƙofa, a karɓi rasit. A danna *#06# a ga lambar IMEI, a gwada ta da ta jikin kwali. In iPhone ce, mai sayarwa ya cire asusunsa na iCloud a gaban idonka, in ya fara kame-kame ka bar masa kayansa. Wayar sata ko da rabin kuɗi aka same ta, ranar da 'yan sanda suka biyo sawu a hannun wanda aka gan ta za su fara.

Sai kuma sayen waya bashi, wanda ya yaɗu tun da kamfanoni irin su M-KOPA na Kenya suka shigo Gana: ka ba da kafin alƙalami, ka riƙa biya kullum ko mako-mako ta MoMo, ranar da ka gaza waya ta kulle. Ga wanda ba shi da dunƙulallen kuɗi hanya ce, ba mu raina ta ba. Sai dai a ɗauki biro a tara jimla kafin a sa hannu. In a misali an ce ka ba da sidi 600 sannan 15 kullum har shekara, abin da za ka biya ya kai 6,075. A kwatanta da farashinta na kuɗi hannu. Matafiyi kuma ya biya na kwanakin tafiyarsa tun kafin ya tashi, kada waya ta kulle masa a tsakiyar ciniki a wata ƙasa inda ba shi da hanyar biya.

Inda aka fi yin asara, a iya abin da muke gani, shi ne ranar ƙaura daga tsohuwa zuwa sabuwa. Kuɗin MoMo ba a cikin waya suke ba, suna tare da lambar layi, shi ya sa ko 'yar ƙaramar waya mai madannai, wadda mutanen Gana ke wa laƙabi da doya, tana tura kuɗi da *170#. Dattawa da yawa a kasuwar Nima sun raba: layin kuɗi a ƙaramar waya cikin aljihun ciki, babbar kuma ta hoto da hira. Mun ga hikimar hakan, domin babbar ce ɓarawo ke fizgewa. Abin lura shi ne layin ya kasance da sunanka da katinka na ɗan ƙasa aka yi masa rajista. Tun rajistar da aka soma da Ghana Card a Oktoban 2021, wadda ta kai ga rufe layukan da ba a yi wa ba a 2023, mutane da dama, musamman baƙi, sun ari katin ɗan'uwa ko yaron shago. Ranar da layi ya ɓata ko ya lalace, mai katin ne kaɗai zai iya karɓo shi, da duk abin da ke ciki.

WhatsApp kuwa ba ya bin layi da kansa. Saƙonnin murya da aka yi ciniki da su, "na karɓi buhu arba'in, saura kuɗin goma", su ne takardar shaidar da yawancinmu ke da ita. In ba a adana su a Google ba kafin a cire layi, sabuwar waya za ta buɗe fayau. Tun 2024 wannan ajiya tana cin gurbin gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta, don haka a duba ko bai cika ba. Mai ƙaura daga Android zuwa iPhone kuma ya sani cewa ajiyar Google ba ta buɗuwa a can, akwai hanyar kwashewa ta daban da ake bi tun lokacin kunna sabuwar. Sannan a san adireshin imel da kalmar sirrinsa. Da yawa yaron shagon waya ne ya buɗe musu shekarun baya, shi kaɗai ya san abin da ya rubuta, ga shi ya bar garin.

Mai asusun banki a Nijeriya ko wata ƙasa ya ƙara kula da wuri da lokaci. Manhajar banki kan nemi a tabbatar da sabuwar waya da lambar da za a turo ta layin da aka yi rajista da shi, kuma wannan saƙo ba kullum yake ƙetare iyaka ba. Gara a yi sauyin a inda layin ke aiki kuma reshen banki ke kusa, ba ana gobe za a biya kuɗin kaya ba, ba kuma a makon Sallah da kasuwa ke ci ba.

Tsohuwar wayar, in za a ba da ita a yi ciko a Circle ko a miƙa wa yaro a gida, kada ta bar hannu sai an ga komai ya sauka a sabuwar, an yi kwana biyu ana aiki da ita. Daga nan a fita daga asusun Google da na banki, a zare katin memori, a goge ta gaba ɗaya ta koma yadda ta fito daga kamfani, kuma mai ita ya tsaya a yi gogewar a gabansa.