Abin da ake faɗa kan ciwon koren wake a garkunan Adar, da abin da ya tabbata

Daga bakin tabkin Tabalak zuwa kwarin Keita da garkunan gefen birnin Tawa, duk wanda ya taɓa saka koren wake a noman raninsa ya san ranar da fure ke zuba ƙasa bai ɗaura ɗa ko guda ba. A ranar ne magana ke yawa. Wannan ya ce baki ne ya kama shukar, wancan ya ce jabun iri aka sayar masa, wani kuwa tuni ya nufi kasuwa neman magani.

Zancen baki a ajiye shi gefe. Galibi zafi ne. Koren wake baƙo ne, asalinsa daga nahiyar Amurka, kuma ba shi da juriyar waken gida da muka gada. Idan zafin rana ya haura digiri 32 kuma dare bai yi sanyi ba, garin furen kan lalace, furen ya faɗi. Tawa kuwa a Afrilu da Mayu ma'auni kan wuce 40. Shukar tana fara fure wajen kwana 40 bayan shuka, don haka wanda ya yi jinkiri har ƙarshen Fabrairu ya kai furensa tsakiyar bazara da hannunsa. Wanda ya shuka a Nuwamba ba kasafai yake wannan kukan ba. Idan kuwa fure na zuba cikin sanyin hunturu, a karkaɗa shi a kan farar takarda. In wasu ƙananan ƙwari sirara suka zubo suna gudu, su ne ɓarayin.

Masu zargin iri suna da gaskiya, amma a wani wurin daban. Akwai cutar da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare, kore da ɗorawa, ya ƙanƙance ya murɗe. Tana tafiya cikin iri, darɓa kuma na ɗaukarta daga wannan gindi zuwa wancan. Ba ta da magani. A tuge abin da ya kamu, kada kuma a ajiye iri daga gare shi.

Jita-jitar da ta fi cin kuɗin masu garka ita ce wai duk ganyen da ya yi ɗorawa yunwar taki ce, a zuba yuriya. Wani lokaci haka ne: in tsofaffin ganyen ƙasa suka fara dusashewa gaba ɗaya, taki ya yi kaɗan. Amma in sababbin ganyen sama ne suka yi ɗorawa, jijiyoyinsu na nan kore shar, to ƙasar ce ta riƙe sinadarin ƙarfe ta hana saiwa sha. Wannan ba abin mamaki ba ne a Adar, ƙasar da farin dutsenta ya isa ciyar da masana'antar siminti a Malbaza. Takin gargajiya da ya ruɓe sosai shi ke sassauta wannan matsala, yuriya ba ta taɓa ta. In bakin ganye ne ya ƙone kuma saman fangali ya yi fari-fari, gishiri ne, koren wake kuwa yana cikin shukokin da suka fi ƙinsa. Sai kuma ruwa. Tun da injin ban ruwa ya maye gurbin guga, ana cika fangali a ƙasar laka har saiwa ta rasa iska ta ruɓe, ganye ya yi laushi da tsakar rana, mai garka ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara ruwa. Yuriyar da aka zuba ba bisa ƙa'ida ba kuma ganye kawai take tarawa, ƴaƴa su yi ƙaranci.

Akwai masu tuge shuka su ga ƙulle-ƙulle a saiwa, su yanke hukuncin cewa cuta ce. A duba da kyau. In ƙullin yana manne a gefen saiwa, ana iya cire shi da farce, cikinsa kuma ja-ja ne, wannan alheri ne: gidan ƙwayoyin da ke ɗebo wa shuka taki daga iska ne. In kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura ta yi gudaji da ba ya ciruwa, tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani, wadda ke taruwa inda ake maimaita tumatir, kuɓewa da wake shekara da shekaru. A juya fangalin zuwa dawa ko masara.

Batun feshi ya fi tayar da hankali. An ce duk ƙwaro piya-piya ke maganinsa. Jan gizo-gizon da ke ɓuya a bayan ganye lokacin zafi da ƙura, yana tsotsarsa har ya yi ɗigo-ɗigo ya bushe, ba ya jin yawancin magungunan ƙwari da ake sayarwa a tebur. Abin da suke kashewa shi ne ƙwarin da ke cinsa, sai garin neman gira a rasa ido. Ga shi koren wake duk bayan kwana biyu ko uku ake tsinkarsa, ba ya ba da damar jiran guba ta fita kafin ya shiga tukunya. Kwamitin tantance magungunan ƙwari (CSP) na ƙungiyar ƙasashen Sahel (CILSS) shi ke ba magani izinin shiga gona, lambarsa kuma tana jikin kwalbar da ya amince da ita.

Ruwan ƴaƴan bedi da aka daka aka jiƙa, wannan ba tatsuniya ba ce. Yana rage darɓa da ƙananan tsutsotsi, muddin an fesa da yamma, an jiƙa bayan ganye, an kuma maimaita duk mako, domin rana tana kashe ƙarfinsa da wuri. Tsutsar da ta riga ta huda kwanso ta shige ciki kuwa ba zai cim mata ba, sai dai a tsince kwanson da hannu a binne nesa da fangali.