Kwana a Tsibirin Bakin Teku: Abin da Ɗan Kongolam Ya Kamata Ya Sani Kafin Ya Biya Kuɗi

Mutanen Kongolam da Mai'aduwa ba baƙin Legas ba ne. Tireloli na ɗaukar shanu da raguna daga kasuwar Mai'aduwa zuwa kudu, kuma da wuya ka sami zuri'ar da ba ta da ɗan'uwa a Agege ko Mile 12 ko Idi-Araba. Sai dai da yawa sun yi shekaru suna zuwa ba su taɓa taka yashin bakin teku ba. Yanzu da hotunan masu kafa tanti a tsibiri suka cika Instagram da TikTok, matasanmu sun fara tambayar yadda ake yi. Tafiyar mai yiwuwa ce, kuma tana da daɗi, in an shirya mata.

Wurin da aka fi sani shi ne Tarkwa Bay, a bakin mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas. Mota ba ta zuwa can. Sai an hau jirgin ruwa mai inji daga CMS a Marina, ko ƙarƙashin gadar Falomo, tafiyar kamar minti 15 zuwa 20. Jerin manyan duwatsu da aka zuba tun farkon ƙarni na 20 don kare mashigar jiragen suna karya ƙarfin igiyar ruwa, shi ya sa ruwan wurin ya fi na sauran gaɓar Legas lafawa. A watan Janairu na 2020 sojojin ruwa sun tashi dubban mazauna yankin, don haka a tambayi halin da ake ciki kafin a kama hanya, kada a dogara da tsohon bidiyo.

Farkon abin dubawa shi ne lokaci. A Turai da Amurka ana irin wannan fita ne daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da sanyi ya sake su. Mu a nan tsakiyar damina ke nan. A Kongolam ana fama da noman gero da gyaɗa, a Legas kuwa Yuni ne watan da ruwa ya fi sauka, teku kuma kan yi fushi. Ruwan kan ɗan tsagaita a Agusta, wanda ya zo daidai da dogon hutun makaranta, amma tsagaitawar ba ta da tabbas, kuma ruwan kan dawo a Satumba da Oktoba. A ganina a bari sai an kai amfanin gona gida. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu sama ta washe, aljihu ma ya ɗan yi nauyi. Illar Disamba ita ce cunkoso da tsada.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne jirgin. Mutanen yankinmu ba sa bukatar a yi musu dogon bayani: a watan Mayu na 2022, cikin bukukuwan ƙaramar Sallah, kwalekwale ya kife a ƙaramar hukumar Mai'aduwa, mutum fiye da goma suka rasu, yawancinsu yara. Allah Ya jiƙan su. Bayan wata biyu, jirgin da ya tashi daga Mile 2 zuwa Ibeshe a Legas da duhu ya fara shi ma ya kife, aka yi asarar rayuka masu yawa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare, ita da ta jihar Legas, LASWA, kuma sun wajabta sa rigar kariya daga nutsewa. Amma rigar ba a rataya ta kawai. Ka duba igiyoyinta da maɓallanta, ka ɗaure ta ta kama ƙirji, yadda in an ja ta sama ba za ta fita ta kai ba. Yaro kuma a nema masa daidai jikinsa. In ka ga ana ta cusa mutane bayan kujeru sun cika, sauka, ko da ka riga ka biya. Ka shirya ƙetarawa da hantsi, dawowa kuma kafin la'asar sakaliya.

Sai maganar kama wuri. Yawancin masu bayar da hayar tanti ta WhatsApp da Instagram suke hulɗa, kuma a nan ne 'yan damfara ke laɓewa. Mafi sauƙi shi ne ka tura ɗan'uwanka na Legas ya je ya gani da idonsa. In hakan bai samu ba, a nuna maka wurin ta kiran bidiyo. Ka ba da kafin alƙalami kawai, ciko sai ka iso. A rubuta maka abin da kuɗin ya ƙunsa: tanti na mutum nawa, da katifa ko babu, kuɗin shiga, kuɗin jirgi zuwa da dawowa, banɗaki, ruwan wanka, da mai gadi da dare. Ka tambayi abin da zai faru da kuɗinka idan hadari ya hana tashi. Wanda ya yi ta kwana-kwana kan wannan tambaya, nemi wani.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba. Daren Juma'a da Asabar wurin kan cika da kiɗa da shaye-shaye har asuba. Mai tafiya da iyali, ko mai son jin ƙarar teku kawai, ya zaɓi tsakiyar mako, ya kuma nemi a kafa masa tanti nesa da lasifika.

Guzuri ba wuya. Kilishi, dakuwa, dabino da garin kwaki ba sa lalacewa. A sayi ruwan sha isasshe kafin a hau jirgi, domin a can komai ya fi tsada. A riƙe gidan sauro, tocila, batirin cajin waya, tsabar kuɗi, da leda mai kauri ta sa waya da katin shaida. Ruwan teku yana halatta alwala, sai dai gishirinsa kan bar jiki da ɗanko, kuma ba a shan sa. Alƙibla daga Legas ta fi karkata arewa kaɗan a kan yadda muka saba a ƙasar Daura.

Teku yana cika yana ja da baya sau biyu a kusan kowace rana. Busasshen yashin da ka shimfiɗa tabarma a kai da azahar, ruwa na iya rufe shi cikin dare. Ka duba layin da ruwa ya tara ciyawa da robobi, ka kafa tanti can sama da shi. Wanda ya koyi iyo a tafki ko dam ɗin Sabke kada ya ɗauka abu ɗaya ne. A gefen Lighthouse Beach, gaɓar da ke maƙwabtaka da Tarkwa Bay, inda babu duwatsun kariya, akwai igiyar da ke jan mutum ciki ko da ruwan iya ƙugu ne. Wanda ta kama kada ya yi kokawa da ita. Ya kwantar da jikinsa a kan ruwa, ya ɗaga hannu a gan shi, in ya iya iyo ya bi ta gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ta sake shi.