Hitar Gas a Hunturu: Daren da Allah Ya Tsare Mu a Tamanrasset

Duk wanda ya taɓa yin hunturu a Tamanrasset ya san sanyin garin ba na wasa ba ne. Garin yana kan tudu, kusan mita 1,400 sama da teku, shi ya sa a watan Janairu ko alwalar asuba sai an daure. Da na kawo iyalina daga Agadas, abin da na fara saye shi ne hitar gas da tukunya mai kilo 13.

Wani dare uwargida ta toshe duk kafofin taga da tsummoki don kada yara su yi mura, muka kwanta hita na ci. Can cikin dare ƙaramarmu ta farka tana amai. Na yunƙura in tashi, kaina kamar an ɗora mini dutse, ƙafafu sun ƙi ɗaukata. Da rarrafe na kai ƙofa na buɗe. A asibiti likita ya ce da mun ƙara awa ɗaya, sai dai wani labarin.

'Yan uwa, haɗarin gas iri biyu ne. Na farko yoyo: wannan yana da wari, don da gangan ake sa masa. Na biyu iskar kabon monoksaid, wadda ke fitowa idan wuta ba ta samun isasshiyar iska. Ita ba wari, ba launi. Ita ce ta kusa gamawa da mu.

Ga yadda nake yi yanzu. Kafin in ɗaura kan tukunya, wanda muke kira detanda, sai na duba 'yar robar da ke ciki. In ta tsage ko ta bushe, na sake ta. Tiyo ma yana da shekarar ƙarewa a rubuce a jikinsa, kuma da maɗaurin ƙarfe ake matse bakinsa, ba da igiyar roba ba. In na gama, sai in shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa. Kumfa ta kumbura, akwai yoyo. Kada a kuskura a gwada da ashana!

Sai a dubi harshen wutar. Shuɗi shi ne lafiya. In ya koma ruwan ɗorawa yana baƙanta bango, a kashe, a kira mai gyara. Tukunya kuma a tsaye take zama, nesa da wuta.

In an ji wari, a rufe tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin lantarki. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwantawa, daidai inda yara ke shimfiɗa tabarma. A Aljeriya lambar 'yan kwana-kwana 14 ce.

Tun daga ranar, a gidana taga ba ta rufuwa ruf, kuma ba mai barci hita na kunne. Mun ƙara barguna biyu. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, amin.