Tambayar da ta fitar da Imamu Gazali daga Bagadaza

Bismillahir Rahmanir Rahim.

A shekara ta 484 ta Hijira, watau 1091, waziri Nizamul Mulki ya ɗora Imamu Gazali bisa karantarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza. Almajirai wajen 300 ke zama gabansa, manyan gari suna girmama shi. Ana nan sai ya keɓe ya tambayi ransa, shin wannan karatu domin wa ake yinsa? Bai sassauta wa kansa ba. Ya duba ya ga son suna da ɗaukaka ke kora shi.

Tun daga Rajab na 488 ya yi kusan wata 6 yana kai da kawowa, da safe ya ƙudura barin muƙami, da maraice sha'awa ta warware ƙudurin. Har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da karatu, abinci ya ƙi shiga. Masu magani suka ce ciwon daga zuciya yake. Cikin Zulƙida ya raba dukiyarsa, ya rage abin ciyar da iyali, ya nufi Sham. Can yakan hau hasumiyar masallacin Dimashƙa ya rufe ƙofa, ya yini shi kaɗai. Sai a 499 ya koma karantarwa a Naisaburi, ya rasu a 505.

Cikin littafinsa Ihya'u Ulumiddini ya kwatanta wannan bincike da lissafin falke da abokin tarayyarsa. Farillai su ne uwar kuɗi, nafiloli riba, saɓo hasara. Ya nuna kowane aiki akwai tambaya 3 a kansa: don me aka yi shi, yaya aka yi shi, kuma domin wa.

To, falken kirki ba ya yafe anini a lissafin kasuwa, balle lissafin da za a maimaita ranar hisabi. Malami ya tambayi ransa, in wani ya fi shi almajirai, daɗi yake ji ko ƙuna? Mai awo ya tambayi nasa, mudun saye da na sayarwa ɗaya ne? Mai tambaya da gaskiya shi ne wanda ya shirya ɗaukar amsa ko da za ta ci masa riba. Wanda ya riga ya tanadi uzuri kuwa, ya ruɗi kansa ne kawai.

Allah ya sa a dace, amin.